Shingen Maƙwabci da Maganar Baki

Kowace shekara, sa'ad da bazara ta kusa ƙarewa mutane suka fita sharar gona, ƙarar iyaka ta kan cika zauren dagaci. A cikin gari kuwa da rani ne, lokacin gini. Mutum ya tashi ya tuge dangar kara domin ya ja katangar bulo, kafin magini ya aza layi na fari sai maƙwabci ya fito ya ce an shigo masa taku biyu. Mai ginin ya ce, ai mahaifinka ne ya bar wa mahaifina wurin nan. A tambaye shi takarda, babu. A tambaye shi shaidu, duka sun rasu.

Masu bi ba su kuɓuta daga wannan ba. A kan sami mutum biyu waɗanda su ke zama bisa benci ɗaya ran Lahadi, ran Litinin kuwa su na tsaye gaban alƙali, kowa da shaidunsa. Saboda haka ya kamata mu yi tunani a kan tambaya biyu. Maganar da aka yi da baki, ba a rubuta ba, ta na ɗaure mai bi, har da 'ya'yansa a bayansa? In kuwa ta na ɗaure shi, mene ne amfanin takarda tsakanin 'yan'uwa?

Yadda Iyaka Ta Ke Tafiya

Kakanninmu ba su bar gona ba alama ba. A ƙasar Kano da Katsina a kan dasa aguwa ko cin-da-zugu su zama shinge, gama dabbobi ba su cinsu. Waɗansu su kan bar layin gamba tsakanin gona da gona. Da kaka a yanke a yi zana, saiwar kuwa ta na nan. Waɗansu su kan kafa reshen aduruku ko dashi, ya kama ya zama itace. A inda duwatsu su ke da yawa sai a jera su.

Amma alama ta kan yi tafiya. Dangar kara ba ta daɗewa, ruwa ya ruɓar da ita, gara ta ci gindinta, duk lokacin da aka sake kafa ta kuwa ta na iya gusawa taƙi ɗaya. Garmar shanu ta kan ci kunya ɗaya a bakin gona ba wanda ya kula. Kunya ɗaya wajen taku ɗaya ce. In haka ya faru kowace damina, cikin shekara 10 an ci taku 10, a gonar da tsawonta taku 100 ne kuwa wannan ya isa abincin gida na kwanaki masu yawa. Ba ranar da za a nuna a ce yau aka yi sata, duk da haka gonar wani ta ragu.

Abin da ya fi alama wuyar riƙewa shi ne maganar da aka yi. Ƙasa ta kan shiga hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina. Mai wucewa bisa hanya ba ya iya rarrabe su, gama mutum ɗaya ya ke gani da fartanya a cikin gonar. Bambancin aro da kyauta ya na cikin kalmomin da aka faɗa ran da aka ba da wurin. Domin wannan a wurare da yawa mai aro ya kan kai wa mai gona damin dawa da kaka, ba a kuwa yarda masa ya dasa itatuwa masu daɗewa ba, don kada a manta ko gonar wa ce.

A ce wani dattijo ya ba maƙwabcinsa aron gefen filinsa domin ya kafa rumbu ya ɗaure awaki. Ya ce masa, "Ka riƙe har yarona ya isa aure, a nan zai yi ɗaki." Maƙwabcin ya yi godiya, ya jawo dangarsa ta kewaye wurin. Shekara 20 ta wuce, dukansu biyu sun rasu. Ɗan mai fili ya na riƙe da maganar da ya ji a bakin mahaifinsa. Ɗan mai aro ya na riƙe da dangar da ya buɗe ido ya gani. Mai yiwuwa ne ba maƙaryaci a cikinsu. Yawancin shari'un iyaka haka su ke farawa.

Abin da Kotu Ta Ke Dubawa

Ya kamata mai bi ya san dokar ƙasarsa. A Nijeriya ta Arewa, tun shelar 1910 aka sa ƙasa ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar 1962 ta bi sawunta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta ya riƙe amana domin jama'a. Abin da mutum ya ke da shi ikon zama da amfani ne: a birni gwamna ke ba da takardarsa, a karkara kuwa ƙaramar hukuma. A Jamhuriyar Nijar dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, akwai su har a ƙauyuka, inda a ke rubuta saye da kyauta da aro da jingina a ba mutane takarda.

Waɗansu su na tsammani maganar baki ba ta da daraja a kotu ko kaɗan. Ba haka ba ne. A Ingila aka yi doka a 1677 wadda ta ce cinikin ƙasa sai da rubutu, amma al'adunmu sun san ciniki ba takarda, kotuna kuwa sun yarda da shi. Tun hukuncin da aka yanke a 1956 cikin shari'ar Cole da Folami aka tsaya bisa cewa, in an biya kuɗi aka kuma miƙa wurin a gaban shaidu, ciniki bisa al'ada ya tabbata. A 1976, cikin shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi 5 da mutum zai nuna ƙasa tasa ce: tarihin kakanni, da takardu, da ayyukan mai abu na shekaru masu yawa, da daɗewar riƙo, da riƙon ƙasar da ke manne da wurin. Mai ƙara kuma dole ya nuna iyakar abin da ya ke nema sarai.

A shari'ar Musulunci ta mazhabar Malikiyya, wadda maƙwabtanmu da yawa su ke bi, akwai abin da a ke kira hauzi. In wanda ba dangi ba ya riƙe wuri shekara 10 ya na aiki da shi kamar nasa, mai wurin ya na gani ya yi shiru ba dalili, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Tsakanin dangi kuwa a kan kai shekara 40. Amma in an tabbatar aro ne ko jingina, daɗewa ba ta mai da shi na mai riƙo.

Ga inda wuyar ta ke: in an tabbatar. Alƙali ba ya ganin zuciya, shaida ya ke bi. Wanda danga ta ke hannunsa, shaidun aro kuwa sun mutu, abin da ya rage masa kaɗai shi ne ya ce bai sani ba, shari'a ta ba shi gaskiya. A nan ne tambayarmu ta fari ta ke cizo.

Ko Maganar Baki Ta Na Ɗaurewa?

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki zancen iyaka ƙaramin abu ba. Kubawar Shari'a sura 19 aya 14 ta hana kawar da alamar iyakar maƙwabci wadda mutanen dā suka kafa, sura 27 aya 17 kuma ta sa mai yin haka cikin waɗanda aka la'anta gaban dukan jama'a. Ka lura da abin da ke biye da aya 14 nan da nan: dokar shaidu biyu ko uku, da hukuncin mai shaidar zur. Iyaka da gaskiyar baki tare su ke tsayawa, tare kuma su ke faɗuwa. Wanda ya musunci maganar da aka yi ya kawar da iyaka, ko da bai taɓa dutse da hannunsa ba.

Ubangijinmu Yesu ya koya mana cikin Matta sura 5 cewa amsar mai bi ita kaɗai ta isa, ba sai ya haɗa da rantsuwa ba, Yaƙubu kuma ya maimaita wannan cikin wasiƙarsa. In maganarmu ba ta bukatar rantsuwa kafin ta tsaya, ba ta bukatar hatimi kuma. Allah ya na wurin sa'ad da dattijon nan ya ce ka riƙe har yarona ya isa aure. Shaidun duniya sun mutu, wannan Shaida kuwa ba ya mutuwa.

Wani zai ce, "Ni ban yi alkawari ba, mahaifina ne ya yi." Amma dukanmu mun sani sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado. Wanda ya gaji fili ya gaji maganar da ke bisa filin. Ka tuna da mutanen Gibeyon cikin Joshuwa sura 9. Da wayo suka sami alkawarin salama daga shugabannin Isra'ila, duk da haka Joshuwa bai karya shi ba. Bayan tsararraki Saul ya karya, sai yunwa ta shekara 3 ta auku a zamanin Dawuda saboda wannan, kamar yadda 2 Sama'ila sura 21 ta nuna. Mutanen da suka yi maganar sun daɗe da mutuwa, maganar kuwa ta na da rai.

Wani kuma zai ce, "Lokacin da aka yi maganar, filin nan ba shi da daraja. Yanzu gari ya iso, titi ya wuce ta gabansa, kuɗinsa ya ninka." Gaskiya ne, wannan kuwa shi ya sa tsofaffin maganganu su ke ɓacewa daga tunanin mutane a gefen birane. Amma Zabura 15 ta lissafa wanda ya ke cika alkawarinsa ko da cikawar ta jawo masa hasara cikin waɗanda za su zauna wurin Allah. Alkawari kaya ne. Ran da ya yi nauyi, ran nan ne a ke sanin mai gaskiya.

Wani zai ce da zuciya ɗaya, "Ni ban san yadda aka yi ba." To, sai ya bincika kamar wanda ya ke son ya sani. Ya tambayi tsofaffin unguwa, ya tambayi tsofaffin mata musamman, gama sau da yawa su ne su ke tuna shekarar da aka ja danga da dalilin ja. Mutumin da ya ke gudun tambaya domin ya na tsoron amsa, zuciyarsa ta riga ta ba da shaida a kansa.

Nauyin nan ba a kan mai riƙo kaɗai ya ke ba. Magajin mai fili shi ma maganar mahaifinsa ta ɗaure shi. In mahaifin ya ba da kyauta, kada ɗan ya mai da ita aro domin ya ga wurin ya yi kyau. In aro ne, kada ya karɓe shi tsakiyar damina shuka ta na tsaye, kada kuma ya rushe ɗakin da aka gina a idonsa ya na shiru, ba tare da biyan wahalar mai ginin ba.

To, Don Me Za a Rubuta?

In magana ta isa haka, waɗansu za su ga neman takarda raini ne. Kunya ta kan hana mutum ya ce wa ɗan'uwansa mu rubuta, don kada a ce bai amince da shi ba. Kunyar nan kuwa ta raba zumunci mai yawa a tsara ta biyu.

Bari mu duba yadda bayin Allah suka yi. Cikin Farawa sura 23, Efron Bahitte ya ce zai ba Ibrahim kogon Makfela kyauta domin ya binne Saratu. Ibrahim bai karɓa haka ba. Ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutanen da ke ƙofar gari, aka ambaci gonar da kogon da itatuwan da ke cikin iyakarta. Cikin sura 31, Yakubu da Laban, wanda kawunsa ne kuma surukinsa, suka tara duwatsu su zama shaida tsakaninsu, suka ci abinci a wurin. Cikin Irmiya sura 32, annabin ya sayi gona a Anatot daga Hanamel ɗan ɗan'uwan mahaifinsa a bakin shekel 17, sa'ad da rundunar Babila ta ke kewaye da Urushalima. Ya rubuta takarda, ya kira shaidu suka sa hannu, ya ba Baruk wadda aka hatimce da wadda ke buɗe, aka sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Annabi ne ya ke ciniki da danginsa, duk da haka ya rubuta.

Me ya sa? Domin takarda ba saboda mutum biyun da su ke magana a ke yinta ba. Su sun san abin da suka faɗa. Saboda waɗanda ba su wurin a ke yi: jaririn da ke goye, da gwauruwar da za a bari, da baƙon da zai sayi gidan wata rana. Mutumin kirki ya na mutuwa, ya na kuma mantuwa tun bai mutu ba. Wanda ya rubuta ya ɗauke wa 'ya'yan maƙwabcinsa tsoro, ya kuma ɗauke wa 'ya'yansa jaraba.

Akwai hanyar da za a kawar da kunyar nan. Bari wanda mantuwa za ta amfana shi ya fara neman takarda. Mai karɓar aro shi ya kamata ya ce, "Baba, na gode, amma mu rubuta cewa aro ne, kada yarana su tashi su ce nasu ne." Mai ba da kyauta kuma shi ya kamata ya ce, "Mu rubuta cewa na ba ka har abada, kada nawa su dame ka a bayana." In aka yi haka ba wanda zai ji an raina shi, gama kowa ya ɗaure hannun kansa ne.

Sai dai mu da muka iya karatu mu yi hankali. Takarda a hannun mai wayo makami ce a kan wanda bai iya karatu ba. A karanta ta da ƙarfi cikin harshen da kowa ya ke ji kafin a dangwala yatsa. Mu tuna kuma da Nabot cikin 1 Sarakuna sura 21. An rubuta wasiƙu, an sa hatimin sarki, an tara dattawa, an kawo shaidu biyu kamar yadda doka ta nema, da haka aka kashe shi aka ƙwace gonar inabinsa. Allah kuwa ya aiki Iliya ya tari Ahab a cikin gonar. Ana iya cin shari'a a gaban mutane a faɗi a gaban Allah.

In Gardama Ta Riga Ta Tashi

Tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Matta sura 18 ta nuna mana matakai: ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka kai kaɗai, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban ekklesiya. A zancen iyaka ya fi kyau a yi maganar a bakin iyakar, a tona a nemi tsohuwar saiwar gamba ko kututturen aduruku, gama ƙasa ta kan riƙe abin da baki ya manta. Dattawan ekklesiya kuma kada su duba wanda ya fi ba da baiko. Hukuncin dattawa ba abin wasa ba ne ko a idon doka: a 1991 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa in mutane suka kai kansu gaban dattawa bisa al'ada da yardarsu, suka kuma karɓi hukuncin, ya ɗaure su.

Bulus ya tsauta wa Korintiyawa cikin wasiƙarsa ta fari, sura 6, domin su na kai juna ƙara, ya nuna masu cewa ɗaukar hasara ya fi musu wannan. Ko ta wajen lissafi ma maganarsa ta na da hujja. Kuɗin lauya, da na mai awon fili, da na mota ran zaman kotu, da kwanakin noma da a ke ɓatarwa sa'ad da aka ɗaga shari'a, sau da yawa sun fi kuɗin taku biyun da a ke faɗa a kai. Shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Bayan hukunci kuwa maƙwabci ya na nan inda ya ke. Shi ne zai fara jin ihu in gobara ta tashi a gidanka.

Ishaku ya haƙa rijiya a kwarin Gerar makiyaya suka yi gardama a kanta, ya bar musu. Ya haƙa ta biyu, haka kuma. A ta uku aka bar shi lafiya, ya sa mata suna Rehobot, daga baya sarkin ƙasar da kansa ya zo neman alkawari da shi. In maƙwabcinka ba mai bi ba ne, sai ku tafi wurin mai unguwa ko dagaci, ka faɗi gaskiya duka har da wadda ba ta taimake ka ba. Mutanen unguwa da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma za su ga yadda ka yi da danga.

Duk da haka, mutum ya na iya barin abin da ke nasa kaɗai. Gonar maraya da filin gwauruwa ba naka ba ne da za ka bar wa azzalumi domin a zauna lafiya. Misalai sura 23 ta gargaɗi mai shiga gonakin marayu cewa su na da Mai tsaya musu mai ƙarfi. In an bi matakan sulhu duka mai ƙarfi ya ƙi, zuwa kotu ba zunubi ba ne, gama Allah ne ya kafa mahukunta, Bulus kansa kuwa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A tafi da gaskiya, kada a sayi shaida, kada a ƙara ko taƙi ɗaya bisa abin da a ke bi.

Ya ku 'yan'uwa, kafin ruwan shuka ya sauka, kowa ya kira maƙwabcinsa su taka iyakarsu tare, su tafi da 'ya'yansu manya da shaidu biyu. Inda shinge ya mutu a dasa sabo. Abin da ke aro a kira shi aro da babbar murya, abin da ke kyauta a kira shi kyauta. A rubuta takarda uku, kowa ya riƙe ɗaya, ta ukun a ajiye wurin dagaci ko cikin akwatin ekklesiya. In saye ne kuwa a kai shi ofishin da hukuma ta sa domin a yi masa rajista. Wanda kuma ya san a cikin zuciyarsa cewa dangarsa ta na tsaye cikin filin wani, kada ya jira sammaci. Ya ɗauki gatari da kansa ya mayar da ita wurinta, ya shiga sujada ran Lahadi da lamiri mai tsabta. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka.